Tsokar Aro

Ranar da Noel Haskett ya zo neman ɗakin bayan gidana a unguwar Newtown ta Sydney, rana ta kusa narkar da kwalta, amma shi yana cikin jaket, ya ja zif har maƙogwaro. Na ƙare masa kallo daga ƙasa zuwa sama. Ƙafa faranti guda, tumbi ya riga shi shigowa ƙofa, fuska kuwa ta yaro ce, ta yi ja-wur, gumi na ɗiga ta haɓa. Bai tambayi gado ba, bai tambayi banɗaki ba. Famfo ya tambaya, da kuma ta wane gefe rana ke shigowa da safe.

Na ce, "Kai wanki ka zo yi ko kwana?"

"Zane nake yi, Misis Samios."

"Zanen me?"

Ya dubi takalminsa. "Mutane."

"Da kaya ko babu?"

Kunnuwansa ne suka ba ni amsa, suka yi ja. Na miƙa masa makulli. Ni da marigayi mijina Manoli mun yi shekaru muna da shagon abinci kusa da titin Oxford, na soya wa maza masu son maza ƙwai har hannuna ya gaji. Ba su taɓa fasa mini kofi ba. Masu mata a gida su ne ke amai a bakin ƙofa.

Labarinsa a tsaye na ji shi, gutsure-gutsure, domin Noel ba ya zama. A tsaye yake cin abinci, jingine da firij, ƙafa ɗaya na karkarwa. In ka tilasta masa kujera sai cokula su fara rawa a kan tebur. Can yamma aka haife shi, bayan duwatsu, a garin da tumaki suka fi mutane yawa kuma suka fi su hankali. Ubansa askin tumaki yake yi, yayyensa ma haka, duk busassun mutane masu jijiya. Shi kuma da ya fara girma sai ƙiba ta zo masa, ƙirjinsa ya ciko kamar na budurwa. Wata rana bayan an tashi daga aiki, maza sun je wanka a madatsar ruwan gona, uban ya fizge masa riga a gaban kowa, ya ce, "Ku kawo kofuna, yau shayinmu ya samu madara." Daga ranar sunansa ya koma Karsana. Daga ranar kuma babu mahalukin da ya sake ganin fatar bayansa, har likita sai dai ya cusa abin saurarensa ta ƙarƙashin singileti.

Da ya gudo Sydney ya yi kwandastan bas, ya wanke kwanuka a otal, ya tura gadon marasa lafiya. Ko'ina kafin a riƙe sunansa ya ce wurin ya gundure shi. Lokacin da ya zo gidana yana aikin ɗaukar kayan masu tashin gida, kuma ina jin wannan ne kaɗai ya dace da shi, tunda kullum wani gidan ake bari.

Zanen kuwa babu wanda ya koya masa. Ba irin fentin mai ba ne da ake shafa wa bango. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne kamar alewa a cikin gwangwani, sai an taɓa su da ruwa su farka. Ranar Lahadi, ina dawowa daga coci, zan tarar da wani namiji a ɗakin baya ya tuɓe yana zaune a kan akwati: mahauci, direban jirgin ƙasa, wani mai tabon tiyata daga cibiya zuwa ƙirji, wani mai gashin baya kamar bunsuru. Noel zai jiƙa takarda mai kauri da soso, daga nan tsere ne tsakaninsa da bushewa. Ba a gogewa, ba a gyarawa. Ya ce mini babu farin fenti a wannan sana'ar, farin takardar shi ne hasken, in buroshi ya taɓa shi ya tafi ke nan. Sai ka gan shi yana tsalle gaba da baya, buroshi ɗaya a hannu ɗaya a baki, yana zagin ruwa yana roƙonsa, duk a cikin jaket.

Doka ɗaya gare shi: mai jiki ba ya ganin zanensa sai ya bushe, domin wai launi ƙarya yake yi in yana jiƙe. Ɗakin kuma da danshi. Don haka da zarar ƙyallin ruwan ya kwanta sai ya fito da takardar ya matse ta a igiyar shanyata, irin mai sanda guda a tsakiya da hannuwa huɗu, wadda iska ke juyawa. Mutumin kuma ya shigo kicin ɗina ya zauna da kofi, yana leƙen taga kamar wanda matarsa ke naƙuda. Zanen gadona na juyawa, tsiraicin mahauci na biye da shi.

Maƙwabciyata Misis Doyle ta taka bokiti ta leƙo ta kan shinge. "Stamatia! Akwai tsirarun maza a igiyarki!"

Na ce, "Na gan su. Kawo naki mijin mu shanya, ko giyar ta tsane."

A titin Oxford a lokacin, in ba ka da ciki shafaffe da damtse kamar an hura, to kai kujera ce, kewaye ka ake yi. Noel yakan je ya tsaya jikin bango ya dawo. Shi ya sa na yi mamaki da Lopeti ya zo ya ƙi tafiya. Tare suke ɗaukar kaya. Mutumin Tonga ne, ya biyo ta Auckland ya zo buga ƙwallon zari-ruga, gwiwa ta lalace. In ya tsaya a ƙofar kicin sai na kunna fitila. Ya ce ya zo a zana shi ne don dariya, ya cinye mini cinyar rago, ya suɗe miyar da burodi, ya ce, "Anti, akwai ƙari?" Babu ɗan hayar da ya taɓa ce mini Anti. Sati na zagayowa na ga takalmansa a bakin ɗakin baya, kamar kwale-kwale biyu.

Shi ba ya jin kunyar komai. Sai ya nuna Noel da cokali ya ce, "Dube shi, Anti. A ƙasarmu namiji mai wannan cikar ba a barinsa ya ɗauki kujerar kowa. Tabarma ake shimfiɗa masa, a yi masa fifita." Noel ya ajiye faranti ya fice, wai zai duba ko ya kulle mota.

Sun yi shekaru a haka. Amma wata rana Lopeti yana taya ni feraye dankali ya ce, "Anti, kin taɓa ganin mutumin da ke shiga bayan ƙofar kabad kafin ya sauya riga? A ɗakinsa? Ni kaɗai a ciki?"

"Ka tambaye shi mana."

"Na tambaya. Sai ya tuna mota."

Sannan ciwon ya zo. Ƙanjamau. Ba sai na faɗa wa kowa yadda unguwar ta koma ba, wanda ya gani ya gani. Mazan Lahadi suka fara zuwa wando na zamewa daga ƙugu. Sai mutum ya tuɓe, ya dubi ƙasa, ya ce, "Noel, ɗan ƙara mini a kafaɗa." Noel ya ƙara. Ya cika kumatu, ya cika cinya, ya rufe haƙarƙari da launin yamma. Har ya yi suna a kan haka, ana turo masa mutane daga asibiti. Ban ga laifinsa ba. Na ga uwa ta zo daga ƙauye ta rungume irin takardar nan a wurin binne ɗanta, kuma da ni ce ita da na rungume.

Wani abin kuma, a titin can ƙiba ta koma ado, don ta zama shaidar lafiya. Mutanen da a da ba sa ganin Noel ko ya tare musu ƙofa, yanzu su ke saya masa giya suna shafa masa kafaɗa. Ya dawo yana huci, ya zagaye igiyar shanya kamar dokin niƙa, ya ce, "Da ni abin dariya ne, yanzu ni takardar likita ce." Bai sake zuwa ba.

Da Lopeti ya fara ramewa, sai Noel ya haukace da aiki. Ya cire madubin banɗaki, wai ya tsage. Ya huda wa bel ɗin Lopeti sababbin ƙofofi a ɓoye. Ya riƙa sayen riguna irin na da sak, launi ɗaya, amma ƙanana, yana musanyawa a cikin wanki. Ni ke shanya, ni na sani. Ya koyi miyar ƙwai da lemun tsami a wurina, ya riƙa binsa da kwano daga ɗaki zuwa tsakar gida. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai tsaya ya dube shi ba. In suna magana idon Noel na kan bango, ko kan agogo, ko kan famfon da ke ɗiga.

Lopeti na da yaya a Auckland, Sela. A wajensu maganar yaya mace ba a tsallake ta. Ta riƙa bugo waya, a ƙarshe ta ce tana tafe ta ɗauke shi ya yi jinya a cikin danginsa. Ranar da ya ajiye wayar, yana zaune a kicin da bargo a kafaɗa, Noel na tsaye jikin firij, ni ina yanka albasa.

Lopeti ya ce, "Ina so ka zana ni."

"Na zana ka sau nawa?"

"Yadda nake yanzu."

"Bari ka ɗan murmure tukuna."

"Kai, Bature, saurara." Haka yake kiransa in ransa ya ɓaci. "Nas ta ce na yi kyau. Fasto ya ce na yi kyau. Anti ce kaɗai ta ce na koma kamar tsintsiya, Allah ya saka mata. In na je gidan Sela, a al'adarmu ɗan'uwa ba ya buɗe jikinsa a gaban 'yar'uwarsa. Daga wuya zuwa idon sawu zan kasance a rufe har a naɗe ni. Ban ƙi ba, can aƙalla na san dalili. Amma a ce ina kwana da mutumin da sana'arsa kallon maza ce, ya kalli mahauci, ya kalli direba, ni ya ƙi kallona? In ka iya, zan zauna. In ba ka iya ba, zan bi ta."

Noel ya buɗe firij, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce, "Gobe."

Ya gwada, wannan zan shaida masa ko a gaban wa. Kullum in ya dawo aiki sai su shiga ɗakin baya. Can sai in ji ƙofa ta bugu, in ga Noel durƙushe gindin famfon tsakar gida yana wanke takarda, ruwa ja-ja yana gangarawa gindin lemuna kamar an wanke nama. Wata rana bai yi saurin wankewa ba, Lopeti ya karya dokar, ya fizge takardar tana jiƙe ya fito da ita haske.

"Anti, zo ki gani. Wane ne wannan?"

Namiji ne cikakke, zaune, kyakkyawa kuwa. Fuskar Lopeti ce.

Noel ya ce, "Kai ne yadda kake a da. Hannuna ne ya ƙi mantawa."

"Ƙarya kake. Ni ƙirjina shimfiɗe yake kamar tebur, tambayi duk wanda ya taɓa karo da ni a fili. Wannan kafaɗar mai zubowa ta wa ce? Wannan tumbin mai ninki biyu? Wannan nonon? Idona bai san su ba, amma hannuna ya san su." Ya jefar da takardar. "Ba na son aro."

Na tsura wa takardar ido. Domin ni ke shanya kusa da zane-zanen nan shekara da shekaru, sai a lokacin na ga abin da nake gani. Tun da ciwon ya zo, duk namijin da ya ce a ƙara masa, daga wuri ɗaya aka yanko. Duk iyayen nan da suka tafi da takarda ƙauyukansu, tumbin Noel suka rataye a falo. Jikin da ya ƙi nuna wa mutum ɗaya, ya raba shi ga rabin gari, kuma ya zana shi da tausayin da bai taɓa yi masa a jikinsa ba.

Lopeti ya koma ɗaki. Noel ya ɗauko tsintsiya ya hau sharar tsakar gidan da na share da safe.

Na ce, "Ajiye, ɗana. Ka san yadda aka yi na zo ƙasar nan?"

"A jirgin ruwa."

"Da hoto. A tsibirinmu haka ake yi. Maza suna nan, mata suna can, sai a aiko hoto a nemi aure. Na ga na Manoli, gashi lif-lif kamar gonar alkama, ƙugu kamar na ɗan rawa, na ce ni na ji na gani. Na sauka a tasha riƙe da hoton ina ta dube-dube, sai wani mai sanƙo da tumbi ya cire hula ya ce, 'Ni ne.' Hoton tun kafin yaƙi aka ɗauka."

"Ai kin zauna da shi."

"Na zauna, na binne shi, har yau ina kunna masa kyandir. Sanƙon ban damu da shi ba, na ma fi son sa, ya fi sauƙin sumba. Abin da ya ci mini rai, mutumin nan tun bai gan ni ba ya yanke cewa ba zan iya kallonsa ba. Wa ya ba shi izini? Kai ma wa ya ba ka? Ka yanke wa yaron nan sau biyu: ba zai iya kallonka ba, kuma shi ba ya kalluwa."

Ya jefar da tsintsiya. "Ke ba ki san komai a kai ba, Misis Samios."

"Ban sani ba. Ni dai na san wanki. Ɗauke ƙafarka daga kan tiyona."

Ya fice. Daga baya na ji wai motar aiki ya ɗauka ya hau duwatsun yamma, ya kai rabin hanyar garinsu, ya tsaya a gidan mai, ya juyo. Ya kwana a motar. Lopeti bai tambayi inda yake ba. Akwatinsa ya jawo daga ƙarƙashin gado, ya riƙa saka riga ɗaya ya huta, ya saka wata ya huta. Ni ma na kasa zama. Na wanke labulayen da ba su yi datti ba.

Ranar da jirgin Sela zai sauka da la'asar, aka tashi da iskar yamma mai zafi, irin wadda ke busar da zanen gado kafin ka gama matse shi. Da hantsi Noel ya shigo, gemu bai aske ba, ido ja. Ya tarar Lopeti ya fito da kujerar katako ta kicin ya ajiye a tsakar gida, gindin lemu, cikin hasken Allah. Lopeti ya tuɓe kaya da kansa. Ni na wanke gawa a tsibirinmu tun ina budurwa, amma sai da na dafa sandar shanya. Haƙarƙari kamar kwandon da aka fara saƙa. Wasu tabo masu duhu a kafaɗa. Gwiwar da ta lalace ta fi cinyar kauri.

Ya ce, "Akwatina a ɗaure yake. Ɗauko kayanka."

Noel ya ɗauko allo da gwangwani da soso. Ya jiƙa takarda, kafin ya ɗaga buroshi iska ta shanye ta. Ya sake jiƙawa. Idonsa na kan lemu.

Lopeti ya muskuta, ya yamutsa fuska. "Kujerar nan tana cin ƙashina. Ba ni abin da zan zauna a kai."

Noel ya juyo wurina. Kwandon tawul na hannuna, busassu, masu laushi, yanzu na sauke su daga igiya. Na dube shi, na dubi kwandon, na juye shi duka a cikin bahon ruwa.

Na ce, "Jiƙaƙƙu ne."

"Akwai matashi a ɗaki."

Lopeti ya ce, "In ka shiga ɗakin nan, mota za ka tuna. Ba ni jaket ɗinka."

Noel ya cire, ya ninke, ya sa masa. Lopeti ya zauna, ya girgiza kai. "Da saura."

Rigar ta ɗauki lokaci. Maɓalli ɗaya ya tsinke ya gangara magudana.

"Har yanzu ina jin katako."

"Lopeti, don Allah."

"Ni ma don Allah."

Ban juya baya ba. Na yi tunanin juyawa, sai na ga in na juya na zama ɗaya daga cikin masu cewa abin ba ya kalluwa. Ya kama singiletin ta baya ya ja ta kansa, ya tsaya riƙe da ita a ƙirji kamar mace ta fito wanka, sannan ya miƙa. Fari fat, fatar da rabonta da rana tun madatsar ruwan nan. Tumbi, ninki biyu. Ƙirji, yadda uban ya faɗa. Jiki ne dai, irin na mutane. Yana ta rawa, tsokar na rawa tare da shi.

Lopeti ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɓarawo."

"Me?"

"Duk wannan kake da shi ka ɓoye mini? Ina fama da yunwa, ashe rumbu nake kwana da shi. Anti, kin ga mugun mutum?"

Na ce, "Na gani. Ni abincina ne a jikinsa, ban ga asara ba."

Sai ga kan Misis Doyle ta saman shinge. Ta buɗe baki. Na ce, "Yau masu rai muka shanya, Morin. Sauka kafin bokitin ya fashe." Ta sauka.

Noel ya yi wata irin dariya mai kama da tari, ya goge ido da damtse, ya jiƙa takarda. A karon nan ya duba. Na ga lokacin da ya duba, domin ƙafar nan mai karkarwa ta tsaya. Iskar ba ta ba shi lokacin ƙarya ba. Ya ɗebi launi kaɗan, ya ja, ya ja, ya bar fari, ya ɗiga duhu a kafaɗa ruwa ya baje shi, ya zagi iska, ya ja layin gwiwa. Gumi na bin tsakiyar bayansa, kafaɗunsa sun fara ja da rana. Ban taɓa ganin ya gama da sauri haka ba, ban kuma taɓa ganin ya taɓa gwangwanin kaɗan haka ba. Rabin mutumin farar takarda ce.

Ya matse ta a igiya. Lopeti ya ce a bi doka, sai ta bushe. Suka zauna, shi a kujera, Noel a ƙasa jingine da ƙafarsa, ba riga, suna jiran abin da iska ta riga ta busar tun tuni. Ni na shiga na ɗora kofi don hannuna ya samu abin yi.

Da na fito Lopeti na tsaye gaban takardar, ya dafa kafaɗar Noel. Zanen ba shi da daɗin kallo. Amma idon na Lopeti ne, da yadda yake karkatar da kai in zai tsokani mutum, da manyan hannayen nan da ciwon bai iya cinyewa ba.

Ya ce, "To. Ga ni." Can ya ƙara, "Kunnen ya yi girma."

"Haka kunnenka yake."

"Da kumatu ke ɓoye shi."

Ba mu ankara ba muka ji tasi a ƙofa. Jirgin ya sauka da wuri. Lopeti ya ce, "Riga! Riga!" Noel ya rarumo abin da ke kan kujera ya zura masa, jaket ɗin ne, ya rufe shi har gwiwa. Shi kuma ya tsaya haka nan. Sela ta shigo ta lungun gefe, babbar mace cikin baƙaƙen kaya, da tabarma ɗaure a ƙugu irin shigar ƙasarsu, da jaka mai ƙamshin rogo da kifi. Ga tsiraicin ƙaninta yana lilo a igiya, daidai fuskarta. Na kai hannu na juya shanyar, labulena ya zo gabanta, ƙaninta ya koma wajen Misis Doyle. Na riƙe ƙarfen da hannu biyu ina kokawa da iska har suka shiga ciki.

Sun daɗe a kicin suna magana da harshensu. Na ji kuka, na ji addu'a, na ji an buɗe jakar abinci. Da ta fito ta tsaya gaban Noel, wanda ya samo tawul jiƙaƙƙe ya yafa, ta dube shi sama da ƙasa kamar yadda na yi ranar farko. Ta ce, "Ya ce ba ya zuwa. Ya ce kai kake kula da shi." Ta ƙara dubansa. "Aƙalla kai kana cin abinci. Ka sa shi ya ci." Ta yi sati a ɗakin gaba, ta koma ita kaɗai. Ba ta yafe ba, amma ta bar tabarmar.

Duk mun shirya binne Lopeti, har na sayi alkamar da muke dafawa sadaka ga mamaci. Bai mutu ba. Ya yi ta jan rai har sababbin magunguna suka zo, suka tayar da shi, suka kuma yi masa nasu wasan: ƙafafu kamar sanda, tumbi kamar tulu. Yana shafa shi yana cewa wannan nasa ne, ba aro ba. Alkamar ni na cinye ta.

Kada wani ya ɗauka Noel ya warke. Har suka bar gidana suka koma wani gari a bakin teku can arewa, da riga yake shiga ruwa. Ya sauya aiki sau ban san adadi ba. In ya bugo mini waya ina jin takunsa yana kai-kawo. Maza na zuwa har yanzu, amma in mutum ya ce a ƙara masa ko a rage, sai ya ce ya je wurin mai hoto. Kuma Lopeti ya ce mini ƙofar kabad ɗin sun cire ta, wai ta lalace wajen tashi.

Zanen yana kicin ɗinsu, saman tebur, inda baƙo ba shi da wurin kai ido. In Sela za ta zo su juya shi ya kalli bango. Ni kuwa sun bar mini lemu, wanda tun shekarar da ya sha jan ruwan nan yake yin 'ya'ya kamar ba gobe, da igiyar shanya wadda ba abin da ke juyawa a kanta sai zanen gado da ɗan kamfaina. Misis Doyle ta daina hawa bokiti. Ta ce unguwar ta mutu.